Ranar da Jethro Ya Yi Noman Bango

Ranar da Scholastica ta fara ganin Jethro, rabinsa kawai ta gani, domin ɗaya rabin yana ƙarƙashin kujerar direban wata bas da ta mace musu a hanyar Nasarawa. Direban ya ce a ɗan ba injin lokaci ya huce. Sai wani siririn fasinja mai biro uku a aljihun gaba ya miƙe ya ce, "Direba, matsa. Ni injiniya ne." Ya cusa kai, ya taɓa nan, ya taɓa can, ya fito da wani ƙarfe a hannu yana murmushi, ya ce, "Ga ɓarawon!" Daga nan motar ba ta ƙara ko tari ba. Fasinjoji suka sauka suna tsine masa, kowa ya kama hanya a ƙafa. Shi kuwa ya karɓi ledar yadin da ke hannunta ba ta roƙe shi ba, ya raka ta har ƙofar gida yana bayyana mata yadda ya ceci rayukansu duka. Ta yi ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Sai da ta shiga ɗaki ta lura ko gajiyar tafiyar ba ta ji ba.

Zamanin kuwa soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi ƙasa, duk mai baki da jaka a hammata ya zama ɗan kwangila. Jethro yana da baki tun haihuwa, jakar ce kawai ya saya. Sana'arsa ta gaskiya sayar da katin waya ce a ƙarƙashin lema a bakin titi, amma duk unguwa Injiniya ake kiransa. Ana kira da ba'a, yana amsawa da gaske.

Da tafiya ta yi nisa, ya zo gaban mahaifinta neman izinin turo iyayensa. Baba Albert tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun da aka rufe masaƙar ya koma zaman falo da rediyonsa. Ya dubi Jethro daga takalmi har biro.

"Kai ne Injiniyan?"

"Ni ne, Baba."

"A garinmu, can kudu, ba a ba saurayi mata sai ya yi wa surukinsa noma. Ni da kake gani, gonar cittar kakan Scholastica na yi ta huɗa, damina bayan damina, har bayana ya koma lauje. To nan birni ba ni da gona." Ya nuna da sandarsa. "Amma ina da bango."

Bangon kuwa labari ne. Baba ya sa an sake wa falon filasta, mai ginin ya zuba siminti kamar yana fushi da shi, duk ƙusar da aka buga sai ta lanƙwashe ta faɗo. Ƙarfen labule yana jingine a lungu, agogon da masaƙa ta ba Baba yana kan kujera, hoton aurensa yana ƙarƙashin gado.

"Ranar Asabar ka rataye mini su. In na ga aiki, ka turo iyayenka. In ban gani ba, ka ci gaba da sayar da katinka, mu ci gaba da gaisawa a hanya."

Jethro ya yi dariya har da buga cinya. "Baba, wannan ne noman? Ƙusa da guduma ai aikin mutanen da ne. Inji zan kawo. Ba ma mai waya ba, mai batir, wanda ba ruwansa da NEPA. Kafin ka gama jin labarai, bangon nan ya gama ba ni haƙuri."

Baba ya juya ga 'yarsa da ke tsaye bakin ƙofa. "Ke fa, me kika gani?"

"Duk abin da Baba ya ce," in ji Scholastica, tana kallon ƙasa.

Amsarta ke nan kullum. Tana da tarin tsofaffin littattafai a ƙarƙashin keken ɗinkinta, waɗanda 'yan matan ciki ke faɗin abin da ke ransu ba ko ɗar, amma nata bakin nauyi gare shi. Ko shi Jethro bai taɓa jin ta ce tana sonsa ba. Shi ke faɗa a madadinta, ita kuma ba ta musawa.

Ranar Alhamis ta ce zare ya ƙare mata, ta bi shi kasuwar Kakuri, shagon Obinna mai kayan aikin hannu. Aljihun Jethro bai kai bakinsa faɗi ba, wannan ita ta sani, Obinna ma kallo ɗaya ya yi masa ya sani. Duk da haka ya fara ɗauko masa injin huda bango sabo fil a akwatinsa. Jethro ya shafa, ya tambayi kuɗi, ya ji, ya ajiye kamar ya taɓa garwashi.

"Launinsa bai yi mini ba," ya ce.

"Na gane, Oga," in ji Obinna. Ya ɗauko wani ƙarami. "Aikin gida ne ko? Labule, hoto? Wannan shi ne daidai da kai. Sabo ne, batir biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana caji. Ka ga alamar guduma a nan? In ka murɗa, yana juyawa yana bugawa, zai ci bulo. Ba zai gina gada ba, amma ai ba gada za ka gina ba."

Jethro ya auna shi a tafin hannu ya taɓe baki. "In shiga gidan surukina da wannan, ya ce tocila na kawo masa? Wancan fa na bisa?"

Wancan na bisa tsoho ne ɗan gwanjo, ƙato kamar cinyar bijimi, batir ɗinsa a ɗaure da robar tayar keke. Obinna ya sauko da shi da hannu biyu yana nishi.

"Oga, wannan ya yi aiki a Turai har ya yi ritaya. Gaskiya zan faɗa maka, don ni mai zuwa coci ne. Makunninsa yana da taurin kai, wani lokaci ka danna ya ƙi komowa. Batir ɗin ma yana da ra'ayinsa."

"Da tsohuwar zuma ake magani," in ji Jethro. Ya danna. Injin ya yi wani gurnani da ya sa akuyar da ke bakin shago ta tsallake kwata. Idanun Jethro suka kawo ruwa don daɗi. "Kin ji murya, Scho? Wannan ko bai huda ba, bango zai ji tsoro."

"Ƙaramin nan fa ya yi kyau," ta ce a hankali.

"Ki bar maganar inji ga injiniyoyi. Na taɓa sa miki baki a ɗinkin buje?"

"Ka taɓa."

"To, ai ya yi kyau."

"Sai da na warware shi."

Obinna ya juya baya yana tari. Da aka zo kan ƙarfen da ake sa wa injin a baki, wanda shi ke shiga bango, ya miƙo wani ɗan gajere kamar yatsa. Jethro ya ture, ya zaro wani mai tsawon kamu ɗaya.

"Oga, rijiya za ka haƙa?"

"Dogo yana yin aikin gajere. Gajere yana yin aikin dogo?"

"Madam, ke ce shaida," in ji Obinna yana ɗaure kayan. "In ya fita shagon nan, ba ya dawowa."

Asabar da safe Scholastica ta kai wa Maman Friday ɗinkinta. Maman Friday maƙwabciyarsu ce, bango ɗaya ya raba ɗakinta da falon Baba, kuma ita ce shugabar zumuntar mata ta cocinsu. Gobe babban taronsu, an yi sabon anko, ita za ta shiga gaba. Ta karɓi zanen ta ɗaga, ta yaba kalmasa, ta rataye shi a jikin bango don kada ya yamutse, ta ce ko ƙuda bai isa ya sauka a kansa ba kafin gobe.

Da hantsi Jethro ya iso da hular kwano ta aro, injin a kafaɗa kamar maharbi ya dawo daga daji. Mutanen gidan haya suka fito, wasu suka leƙo ta taga. Ya tsaya tsakar gida ya yi jawabi a kan ci gaban ƙasa da yadda zamani ya bar mai guduma a baya. Sannan ya shiga falo, ya gwada bango da ido ɗaya a rufe, ya tokara, ya danna.

Injin ya yi ruri, ya yi ƙara, ya koma kukan sauro, ya yi shiru. A bangon akwai ɗan ƙarzanen fenti kamar ƙwayar wake.

"An gama?" in ji Baba.

"Caji yake so, Baba."

"Babu wuta. Na ɗauka ka ce ba ruwansa da NEPA."

"Ba ruwansa, Baba. Gaisawa kawai suke yi jefi-jefi."

A ƙofar gidan akwai shagon aski na Joseph, da ɗan ƙaramin janaretansa da ke fama da injin aski ɗaya da fanka. Scholastica tana tsaye a zaure ta ga Jethro ya shiga da abin cajin, ta ji Joseph yana cewa a'a, ta ji Jethro yana cewa bai kai cajin waya jan wuta ba. Ta kuma ji janaretan ya shaƙe, ya yi tusa, ya mutu. Sai ga Sylvanus direban tifa ya fito da ƙyalle a wuya, gefen kansa ɗaya tal kamar ƙwai, ɗaya gefen daji.

"Wane ɗan banzan ne ya kashe mini aski? Yau ake ɗaurin auren ƙanena!"

"Wannan salon ake yayi yanzu a Legas," in ji Jethro yana ja da baya.

Da Sylvanus ya kama shi, da labarin ya ƙare a nan. Allah ya taimake shi, yara suka kwashe da ihu daga bakin layi, an kawo wuta. Joseph ya kira Sylvanus ya zo a ƙarasa. Sylvanus ya ce aski ya jira, shi sai ya ga injin da ya kashe janareta yana aiki.

Aka jona batir a falo. Kafin ya ɗauki wuta, Jethro ya share kwanon gwaten acca da Scholastica ta kawo masa, yana ba Sylvanus labarin wata kwangila da ya kusa samu a Abuja. A ɗakin Maman Friday kuwa matan zumunta sun taru gwajin waƙar gobe, mahaifiyar Scholastica ma tana cikinsu, ita ke buga tulu. Waƙa ta ɗauka, caki yana amsawa.

Jethro ya ɗaure batir da robarsa, ya ƙulle tamau, ya sake tokarawa. Ƙarfen ya yi ta juyawa a wuri ɗaya yana kuka, wani hayaƙi ya fara tashi mai warin ƙonannen kofato.

"Alamar guduma," Scholastica ta raɗa masa.

"Na sani. Ɗumama shi nake yi."

Ya murɗa. Jama'a, sai gidan ya ɗauki rawa. Rediyon Baba ya fara tafiya da kansa a kan tebur, ƙadangaru suka zubo daga silin, kumatun Jethro suna kaɗawa, hular kwano ta rufe masa ido ɗaya. Simintin ya tsaya a kan bakansa.

"Kai, ba ka da nauyi!" in ji Sylvanus. "Bari in taimaka, ina da biki." Ya sa kafaɗa a bayan Jethro ya tura, irin turin da ake wa mota a taɓo.

Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne, ƙarfin bangon duk a fatarsa yake. Bulon da ke ciki irin na masu ginin haya ne, yashi da addu'a. Filastar na fashewa, dogon ƙarfen nan ya wuce zuruf har gindinsa, Jethro ya sumbaci bango da hular kwano, Sylvanus ya sumbaci Jethro.

Sai a lokacin Scholastica ta dubi wurin hudar, ta auna da ido, ta tuna abin da ke rataye a ɗaya gefen. Ta dafe ƙirji.

Waƙa ta tsaya cak.

"Yesu! Zanena!" aka kurma ihu daga can. "Bango yana cin zanena!"

"Saki makunnin!" in ji Baba.

"Na saki, Baba! Shi ne bai sake ni ba!"

Makunnin ya maƙale. Injin ya naɗo zanen a bakinsa yana murɗawa kamar mai tufka igiya. Jethro ya ja baya, matan zumunta suka kama ɗaya bakin suka ja. Suka ɗaga Jethro har ya manne da bango. Sylvanus ya kama ƙugunsa ya fizgo. Can ana jin muryar Maman Friday tana ba da umarni kamar a fagen waƙa, "Mata, ku ja! Shaiɗan ne, ku ja!" Nan Baba yana bin rediyonsa. Bulo ya gaji da shari'ar, ya ruguje. Jethro da Sylvanus suka zube kan kujera, agogon masaƙa ya yi ƙara ɗaya a ƙarƙashinsu, irin ƙarar da ba a yin ta biyu.

Ƙura na lafawa, fuskar Maman Friday ta bayyana a wani rami mai faɗin faifai, ɗankwali a karkace.

"Baban Scholastica," ta ce, "in taga kake so tsakaninmu, ai da ka aiko an yi shawara."

Injin kuwa bai san an gama ba. Batir ɗin da ya ƙi minti ɗaya da safe, yanzu ya rantse ba zai mutu ba. Jethro ya kai hannu zai cire shi, ƙullin robar da ya yi da kansa ya hana. Ya fita tsakar gida da gudu, injin yana jujjuya zanen a iska yana zabga masa a fuska, yana naɗe masa hannu, yana naɗe masa wuya. Matan suka fito ta ɗaya ƙofar da caki da tulu. Kaji suka watse. Wani ya ce a zuba ruwa, wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana, Joseph ya ce a bar shi, alhakin janareta ne. Jethro ya zagaya rijiya, ya zagaya igiyar shanya, ya ɗebo wandon wani ya ƙara a kan zanen. Sai da ya naɗu tsaf kamar ƙunshin alale, sannan injin ya yi ajiyar zuciya ya kwanta.

Mutanen layi sun cika ƙofa. Daga cikin zanen aka ji murya.

"Dama falon ba ya samun iska, Baba. Na lura tun ranar farko."

Dariyar da aka yi sai da ta tayar da tantabarun maƙwabta. Wata mata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Sylvanus ya dafa bango yana hawaye, rabin kansa yana ƙyalli.

"Injiniya!" wani ya kira. "Akwai bangon maigidan hayarmu, nawa za ka rushe mana?"

Maman Friday ta warware zanenta daga jikinsa ba da tausayi ba. Ta ɗaga shi, rana ta leƙo ta tsakiya. "Da wannan zan shiga gaban mata gobe? Maman Scho, wannan ne surukin da kike ba mu labari?"

Mahaifiyar Scholastica ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ba a san kuka take ko dariya ba.

Baba Albert ya fito da agogonsa a hannu, allurai sun zube a gindin gilashi. Bai ɗaga murya ba.

"Yaro, tattara injinka. Gona ta ƙi ka. Mu ci gaba da gaisawa a hanya."

Kowa ya jira amsa, domin ba a taɓa yi wa Jethro magana ta faɗi ƙasa ba. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya cire hular kwano, ya ce, "To, Baba." Ya ɗauki injin ta wuya kamar mushen kaza, ya nufi ƙofa, mutane suna buɗa masa hanya.

Scholastica ta taɓa ganin Jethro ya faɗi, ta taɓa ganin an kore shi, amma ba ta taɓa ganin ya yi shiru ba. Shirun ya fi ƙarar injin tayar mata da hankali. Ta ga in ya fita ƙofar nan da wannan shirun, ba zai ƙara shigowa ba, gidan kuma zai koma rediyo da keken ɗinki.

"Baba," ta ce.

Ba wanda ya ji.

"Baba! Ni dai shi zan aura."

"Ƙara murya," in ji Sylvanus, "na baya ba su ji ba."

"Na ce shi zan aura!" Muryarta ta fito har ita kanta ta tsorata, amma ta riga ta fito. "A garinmu in saurayi ya sare dawa a maimakon ciyawa, korarsa ake yi, ko sa shi ake ya sake shukawa?"

Jethro ya tsaya a bakin zaure, ƙafa ɗaya a waje.

"Zanena fa?" in ji Maman Friday.

"Akwai ragowar yadi a wurina, Mama. Kafin gobe ba mai gane wurin."

"Bango fa?"

"Shi zai ɗebo yashi, ya kwaɓa, ya miƙa wa mai gini. Miƙawa kawai."

Baba ya dubi 'yarsa kamar yau aka haife ta. Ya dubi agogon, ya dubi ramin da ake hango ɗakin Maman Friday ta cikinsa. "Yau bango ɗaya ne," ya ce. "Wa zai tsaya mini cewa in na ba shi ke, ba zai rushe mini sauran gidan ba?"

"Ni, Baba." Ta tako tsakiyar gida. "Na yi alkawari a gaban Allah da gaban zumuntar mata. Zan aure shi, zan zauna da shi da surutunsa. Kuma muddin ina numfashi, ba zai ƙara riƙe wani abu mai batir ba."

Wata ta rangaɗa guɗa, tulu ya amsa. Jethro ya juyo, fuska fara fat da ƙurar siminti, baki ya fara dawo masa.

"Scho, ko tocila?"

"Tocila ni zan riƙe maka," ta ce, "har ƙarshen rayuwarmu."